Yadda Ake Gurza Faifan CD da DVD, da Abin da Ya Sa Wani Ke Daɗewa Wani Ya Mutu da Wuri

Duk wanda ya taso a Kakuri, Makera, Barnawa ko Sabon Tasha kafin waya ta ƙwace kasuwa, ya san faifai suna suka tara. Wani ka saya ya yi shekara goma yana aiki, wani kuwa wata biyu ya fara tsayawa daidai wurin da waƙa ta ɗauko daɗi. Mukan ɗora wa na'urar DVD laifi ko mu ce NEPA ce, alhali sau da yawa matsalar tana ga yadda aka yi faifan tun farko.

Da farko, me ke cikin faifan? Roba ce mai faɗin santimita 12 da kaurin milimita 1.2. A jikinta akwai layi guda ɗaya tak da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa baki, wanda a CD in da za a miƙe shi ya kai wajen kilomita 5. A kan layin akwai ƙananan alamomi da ido ba ya gani, su ne hasken leza ke karantawa ya mayar da su hoto da sauti. Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da CD a 1982. VCD, wanda ya yi tashe a wurinmu, ya zo a 1993, kuma yana ɗaukar kamar minti 80 ne kawai, shi ya sa fim mai tsawo yake zuwa a faifai biyu. DVD ya shiga kasuwa a Japan a 1996, yana ɗaukar gigabait 4.7, wato ya ninka CD mai megabait 700 fiye da sau shida.

Hanya biyu ake bi a yawaita faifai.

Ta farko ita ce bonin. Ana sayen faifai fanko, CD-R ko DVD-R, wanda ke da wani siririn rini a cikinsa. Leza ce ke ƙona rinin nan ɗigo-ɗigo ta bar alamomin. Injin da ake aikin da shi dogon akwati ne mai bakuna jere, ka sa na asali a sama, ka cika sauran bakwai ko goma da fanko, ka danna. Cikin 'yan mintuna sun fito. Ɗaki ɗaya, janareto da yaro mai haƙuri sun isa a tara ɗaruruwa a yini.

Ta biyu ita ce bugawa a masana'anta. Nan babu ƙonawa. Ana fara zana fim ɗin da leza a kan wani faifan gilashi, daga shi a fitar da hatimi na ƙarfen nikel. Sai a narka roba a tura ta cikin injin, hatimin ya danna alamomin a jikinta kamar yadda ake buga bulo. A shafa alminiyam siriri don ya mayar da haske, a rufe shi, a buga hoton fim a sama. Kowane faifai 'yan daƙiƙoƙi yake ci. Tsadar tana wurin haɗa hatimin, don haka masana'anta ba ta karɓar aikin guda hamsin, sai ɗaruruwa zuwa dubbai. Irin waɗannan masana'antu a Najeriya yawancinsu a Legas da kewayenta suke.

To ya za ka gane wanda ke hannunka? Juya bayansa. Bugun masana'anta fari ne kamar azurfa. Na bonin kuwa, in DVD ne za ka ga ruwan shunayya, in CD ne yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi. Sannan ka duba zoben tsakiya a wurin haske. Masana'anta mai rajista tana barin 'yar lamba da ta fara da IFPI, wadda ke nuna inda aka buga shi. Rinin nan na faifan bonin ba ya shiri da rana da zafi. Faifan da ya yini a baro ko a kan tebur a bakin titi yana shan rana, ya fara mutuwa tun kafin ka biya kuɗinsa. Su kuwa masu fim goma ko ashirin a faifai ɗaya, matse su aka yi, shi ya sa fuskar jarumi ke farfashewa in ya motsa.

Yanzu ga inda abin ya shafi Kannywood. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kaset ne ake yayi. A zamanin, furodusa yakan buga kwalaye ya kai wa 'yan kasuwa, musamman na Ƙofar Wambai, tare da kaset na asali. Su za su gurza a kaset fanko su sa a kwali, shi kuma kuɗin kwalin da aka sayar ne rabonsa. Ko a lokacin akwai masu satar fasaha, amma kaset yana wahalar da su. Fim na awa biyu sai ya ci awa biyu kafin a kwafe shi, kuma duk kwafin da aka yi daga kwafi hotonsa raguwa yake yi. Mai saye da ido yake gane jabu.

Faifai ya rushe wannan katangar. Kwafi na dubu daidai yake da na farko, kuma mintuna yake ci. Ɓarawon fasaha bai biya jarumi ba, bai biya mawaƙi ba, bai ciyar da kowa a lokeshan ba. Fanko da kwali kawai ya saya, don haka ko nawa ya karya farashi da ribarsa. Fim zai fita yau, kafin mako ya zagayo jabunsa ya cika gari. A kudu kasuwar Alaba ta Legas ta yi ƙaurin suna a wannan harka. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, ta fito da ƙa'ida a 2006 da ta wajabta wa masana'antun faifai yin rajista, amma wa zai bi ɗaki-ɗaki yana ƙirga injinan bonin? Daga baya masu tura fim a waya da memori suka zo suka ƙarasa kasuwar faifan gaba ɗaya. Shi ya sa 'yan fim suka koma Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, inda irin su Izzar So da Labarina suka samu masu kallo. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ma ta haɗa har da satar da ake yi ta intanet.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin fina-finai da waƙoƙi. Da yawansu a faifan bonin suka rage a hannun mutane, kuma rinin nan ba ya jiran kowa. In kana da su a gida, ka ajiye su a tsaye cikin kwalinsu, a inuwa. In za ka goge, daga tsakiya zuwa baki ake yi da ƙyalle mai laushi, kar ka bi zagayen. A CD kuma ka fi kula da saman da aka yi rubutu, don bayanan suna dab da shi, ƙarzuwa ɗaya a nan ta gama da waƙar.

Furodusoshin da ke riƙe da na asali kuma, don Allah ku juye su a kwamfuta ku ɗora a tasoshinku tun suna karantuwa. Mu masu kallo namu shi ne mu kalla a tashar mai abin, don kuɗin ya koma inda aka zuba shi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.