Tsohon kafet ba shara ba ne, jari ne

Ƴan uwa mata, kusan kowane jeren amarya a yau da kafet a ciki, wanda wasunmu ke ce ma tapi. Bayan ƴan shekaru, yara sun ɓata shi, garwashin turare ya huda shi, sai a naɗe a kai bola ko a jefa cikin kwata.

Galibin kafet ɗin da ke kasuwanninmu da zaren roba aka saƙa shi, irin wanda ake samu daga man fetur, dangin leda ke nan. Ba ya ruɓewa kamar tabarmar kaba. In ya shiga magudanar ruwa sai ya tare leda da yashi, ruwa ya rasa hanya, ya kwanta, sauro ya samu gida. Dukanmu mun ga ambaliyar daminar 2024 a Maraɗi da Damagaram. Ruwan ya yi yawa, gaskiya ne, amma toshewar kwata tana ƙara ɓarna. In an ƙona shi kuwa, baƙin hayaƙinsa guba ne ga ƙirjin yara da tsofaffi. Awaki da tumaki ma suna tauna zaren, ya dunƙule musu a tumbi, dabba ta yi ta ramewa. Tun 2014 ƙasarmu ta yi dokar hana shigo da leda marar kauri da saida ta, amma kafet yana hannunmu mu mata.

To, yaya za mu yi da shi? Da farko a kakkaɓe shi waje, a rufe hanci da ƙyalle. A wanke da sabulu, a shanya a rana mai zafi har ya bushe ƙarau, saboda kuɗin cizo. Sannan a tsinko zare ɗaya a kusanta shi da ashana. In ya narke ya dunƙule, roba ne. In ya yi warin ƙonannen gashi ya zama toka, ulu ne.

Daga nan sai yanka. A kifa shi, a ja layi da alli, a yanka ta baya da wuƙa mai kaifi. A naɗe bakin da ragowar atamfa daga wurin tela, a ɗinke da basilla da zaren buhu. Ga abin goge ƙafa na bakin ƙofa ya samu. Ƙanana su zama shimfiɗar kujera ƴar tsugunno, ko ta sirdin babur. Wurin da ya kore sosai a sa shi ƙarƙashin akumari, ya kare bayan jaki daga gyambo. Masu garka su shimfiɗa shi kan hanyar tsakanin fangali don hana ciyawa, amma kada a binne na roba inda muke shuka salati da tumatir. Tsohuwar dardumar salla kuwa a keɓe ta, ba a yin abin goge ƙafa da ita.

Bari mu yi lissafi. Kafet mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2 yana ba da yanki 25 masu santimita 60 da 40. Mu ce 5 sun lalace, saura 20. In an saida kowane dala ɗari, jika goma ke nan. A cire kuɗin sabulu da zare, sauran ya isa zubin makonni.

Tsarin Mata Masu Dubara a nan Maraɗi ya soma a 1991, da ƴan kuɗin da wasu suka raina, yau ga shi ya bazu ƙasashe da yawa. Da abin da aka raina muka saba tashi. A zaman asusu mai zuwa, kowace ta tambayi maƙwabta ko akwai kafet da ke jingine bayan ɗaki. A zaɓi mata biyu masu hannun ɗinki su fara da guda ɗaya, mai ajiya ta rubuta abin da aka kashe da abin da ya shigo. Ƙungiyar da ta gwada ta aiko mana da labari. Allah ya sa albarka cikin nemanmu.