Idan an gayyace ki wasan golf a Sukotlan, kada ki ce "wata rana"

Uwargida, da yawa daga cikinmu kan je Birtaniya bikin kammala karatun yara ko wankan jegon ɗiya, mu yi wata guda daga ɗaki sai kicin, sai kanti ranar sayen tsaraba. A dawo gida a tambaye ki yaya mutanen ƙasar suke, ki rasa ta cewa, don ban da direban tasi ba wanda kuka yi hira da shi. To idan tafiyarki ta kai ki Sukotlan, musamman Dundee inda 'ya'yanmu da dama ke karatu (sunan gari ne, ba dandi ba), kuma wata dattijuwar maƙwabciya ta ce ki zo ku je golf, ki amsa mata. A wajensu karramawa ce, kamar ki kira baƙuwa cin tuwo a gidanki.

Daga Dundee zuwa St Andrews tafiyar kusan rabin awa ce a bas. Wannan ƙaramin gari na bakin teku shi ake kira mahaifar golf. Tun 1457 Sarki James na Biyu ya haramta wasan a ƙasar saboda yana ɗauke wa maza hankali daga koyon harbin kibiya, amma mutane ba su daina ba. A tsohon filin garin, Old Course, aka rage ramuka daga 22 zuwa 18 a 1764, adadin da duniya ke bi har yau.

Ba can za ki fara ba. Shiga Old Course sai da takardar shaidar iya wasa, kuɗinsa kuma da nauyi. Kusa da shi akwai wani ɗan fili mai tudu da kwari da ake kira Himalayas, a hannun wata ƙungiyar mata da aka kafa a 1867, lokacin da ake ganin bai dace mace ta ɗaga sanda sama da kafaɗa ba. Shi ya sa wasan nan na gangara ƙwallo ne kawai a hankali zuwa rami. Daga bazara zuwa ƙarshen rani kowa na iya shiga da ɗan kuɗi kaɗan, su ba ki aron sanda da ƙwallo, jikoki ma su buga. Abin dariya, babbar ƙungiyar mazan garin, wadda aka kafa a 1754, sai a 2014 ta yarda mata su zama mambobi.

Ƙa'idar ba ta da wuya: ki sa ƙwallo a rami da bugu mafi ƙaranci. Faɗin ramin bai cika santimita 11 ba, don haka idan kin yi bugu bakwai inda ita ta yi biyu, ba abin kunya ba ne. Ladabin wajen ne ya fi muhimmanci. Idan tana shirin bugu, ki yi shiru, ki tsaya cik, wayarki ma a kashe mata ƙara. Kada ki taka tsakanin ƙwallonta da rami. Idan kin ji an ƙwala ihun "Fo!", ƙwallo ce ta nufo ku, ki sunkuya ki kare kanki. Hirar kuwa tsakanin rami da rami ake yin ta, kuma a nan za ki ji abin da ba ya cikin littafin yawon buɗe ido: yadda take fama da kuɗin ɗumama gida da hunturu, da ɗanta da ya ƙaura wani gari bai cika kira ba. Ke ma tana da tambayoyi a kanki da ta daɗe tana jin nauyin yi.

Iskar teku a wurin ba ta raga wa mayafi. Ki sa hijabi mai kama kai ko ɗankwali da kika ɗaure tam, da rigar sanyi ko da rana ta fito, da takalmi marar tsini don kada ki huda musu ciyawa. Idan kuka zarce filin Balgove mai ramuka 9, wanda aka tanada don masu koyo da yara, ki ware kamar awa biyu, ki duba lokacin salla kafin ku fita. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, saboda haka akwai sarari.

Bayan wasa za ta iya cewa ku je "rami na 19". Babu wani rami, wurin shaye-shaye suke nufi. Ki faɗa mata kai tsaye ba kya zama inda ake shan giya, ku nemi shagon shayi. Garin cike yake da su, kuma ba za ta ji haushi ba. Ki yi ƙoƙarin biyan kuɗin shayin, tunda ita ta kawo ki.

In kuma ranar Lahadi kuka samu, galibi ba a wasa a Old Course ran nan. Filin kan zama wurin shan iska na kowa, iyalai na yawo da yara da karnuka, kuma kyauta za ki hau 'yar gadar dutsen Swilcan da ke hanyar rami na 18 a ɗauke ki hoton da za ki tura wa Maigida.