Teotihuacan: Birnin da baƙi suka raya, da matsayin da suka samu a cikinsa

Kimanin kilomita 50 arewa maso gabas da babban birnin ƙasar Meksiko, akwai kufan Teotihuacan, birnin da ya tara mutane kusan dubu 100 a wajajen shekara ta 500 Miladiyya. Akasarin jama'arsa sun zauna ne a manyan gidajen haɗaka kimanin 2,000, kowanne da iyalai da dama a bayan katanga guda.

Tun farko baƙi ne suka cika birnin. Aman wutar dutsen Popocatépetl a ƙarni na 1 ya tarwatsa ƙauyuka, kuma masana na ganin da yawa daga waɗanda suka tsira nan suka nufo. Daga baya 'yan ƙabilar Zapotec daga Oaxaca suka kafa unguwarsu a yammacin birnin, inda suka shafe ƙarnuka suna binne mamatansu bisa al'adar ƙasarsu. A gabas kuma, fatake masu hulɗa da gaɓar teku suka gina zagayayyun ɗakuna, saɓanin ginin gari mai kusurwa huɗu.

Sai dai baƙunta ba iri ɗaya ba ce. A unguwar Teopancazco, wadda masaniyar kimiyyar tono Linda Manzanilla ta bincika, sinadarin da ke cikin haƙoran mamata ya nuna cewa da yawansu a wasu yankuna aka haife su, domin haƙori yana riƙe alamar ruwa da abincin da mutum ya tashi da su. Aikinsu ɗinka tufafin ado ne na manyan unguwar. Ƙasusuwansu na ɗauke da tabon doguwar tsugunne da ɗaukar kaya, wasu har da alamun yunwar ƙuruciya. Su ke ɗinki, wasu ke sawa.

Manyan unguwannin ne ke shigo da auduga, kodin teku da ma'aikata daga nesa, suna gasar nuna arziki. Manzanilla na ganin ƙarfin da suka tara ne ya haddasa rikici tsakaninsu da masu mulkin birnin. A wajajen shekara ta 550, aka cinna wa haikalai da gine-ginen mulki na tsakiyar birnin wuta, amma gobarar ba ta taɓa yawancin unguwannin talakawa ba.