Mu Kula da Leɓen Masu Busa

A yawancin ikilisiyoyinmu, ba a bikin Kirsimeti ko na Ista sai an ji amon bigila da ƙahonin 'yan Boys' Brigade. Wannan ƙungiya William Alexander Smith ne ya kafa ta a Gilasgo a shekarar 1883, ta iso Nijeriya a 1908. Iyaye sukan ji daɗin ganin 'ya'yansu a cikin sahu, amma kaɗan ne suke lura da yaron da yake komawa gida da leɓe a kumbure. Yara da yawa sun bar busa don zafin leɓe, alhali kuwa gyaran ba shi da wuya.

Da farko mu san inda murya take fitowa. Ƙaho ba shi da murya ta kansa. Mai busa yakan haɗa leɓɓansa a cikin ɗan kofin bakin ƙahon, iska ta bi tsakaninsu, su yi ta karkarwa, ƙarfen kuma ya ƙara wa sautin ƙarfi. Haka masu kakakin sarki suke yi tun kaka da kakanni. In an danne leɓe, ina zai sami damar karkarwa?

Ga abin da yake faruwa. Yaro yana son ya kai murya ta sama, sai ya matsa ƙarfen a bakinsa da ƙarfin hannu. Leɓen ya shiga tsakanin ƙarfe da haƙora, jini ya kasa gudu sosai, ya kumbura, muryar ta dushe, yaron kuma ya ƙara dannawa. Ko manyan gwanaye ba su tsira ba. Louis Armstrong na Amurka, wanda ya ziyarci Gana a 1956, ya sha fama da fashewar leɓe shekara da shekaru. Freddie Hubbard kuma leɓensa ya tsage a 1992, busarsa ba ta koma kamar da ba.

To, dannawa kaɗan wajibi ce, gwargwadon abin da zai hana iska tsiyaya ta gefe. Sauran aikin na numfashi ne da naman gefen baki. Yaro ya ja numfashi ya cika ciki, ya riƙe gefen bakinsa daram, tsakiyar leɓen kuwa ya bar ta da laushi. Kada ya ja leɓɓa kamar mai murmushi, gama hakan yakan sa su yi siriri a kan haƙora. Kada kuma ya hura kumatu.

Sai batun muƙamuƙi. A wurin yawancin mutane haƙoran sama sun ɗan fi na ƙasa fitowa gaba. In an ɗora ƙaho haka, nauyin duka a kan leɓen sama yake sauka. Philip Farkas, babban mai busa na birnin Shikago, ya koyar a littafinsa na 1962 cewa a ɗan turo muƙamuƙi gaba, har haƙoran sama da na ƙasa su kusa daidaita, leɓɓan biyu su raba nauyin. A bar 'yar tazara tsakanin haƙoran don iska ta wuce, haɓa kuma ta zauna a shimfiɗe.

Daga nan ne ake sanin yadda za a karkata ƙaho. Masu koyar da fareti suna son su ga ƙahoni duka sun miƙe a layi ɗaya, abin kuwa da kyaun gani. Amma Allah bai yi bakinmu iri ɗaya ba. Wanda haƙoransa na sama suka fito, ƙahonsa zai ɗan dubi ƙasa. Wanda na ƙasa suka fito, nasa zai miƙe ko ya ɗan ɗaga. In aka tilasta wa na farkon ya ɗaga ƙaho, wuyansa zai ƙage ko leɓensa ya sha wuya. Kai ya tsaya a miƙe, a kawo ƙaho wurin baki, kada baki ya bi ƙaho.

Ya ku iyaye, ku ma da naku aikin. Kada a ba yaro ƙaho sai haƙoransa na gaba sun gama famfara, wato wajen shekara 8. Minti 15 kowace rana, da hutu a tsakani, ya fi awa 2 a daren Asabar. Lokacin hunturu ya riƙa shafa man kaɗanya bayan busa, in leɓe ya tsage kuwa ya ajiye ƙaho sai ya warke. In yara suna karɓa-karɓa da ƙaho ɗaya, a wanke kofin bakin da sabulu kafin ya koma hannun wani.

A Littafin Ƙidaya sura 10, Ubangiji ya umarci Musa ya sa a ƙera ƙahoni 2 na azurfa don kiran jama'a. Manzo Bulus kuma, a 1 Korintiyawa 14:8, ya nuna cewa busar da ba ta fita sosai ba ta ta da kowa. Leɓen da yake yabon Allah kyautarsa ce. Mu koya wa 'ya'yanmu su riƙe ta da kyau, domin su daɗe suna busa a gidan Ubangiji.