Shirin TESSA da Malaman Firamare

TESSA haɗin gwiwa ne da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta fara a 2005 da cibiyoyin horar da malamai na Afirka, ciki har da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Masana jami'a ne ke tsara darussan lissafi, kimiyya da karatu, a ɗora su a intanet kyauta, malamin firamare ya sauke ya gwada a ajinsa.

A Moriki, Zurmi da Shinkafi da ke jihar Zamfara, amfaninsa ya fi fitowa idan an buga darussan a takarda, domin wuta ba ta da tabbas, sabis ma haka. Misali, a Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar 'yan bindiga.