Salatif da leda: yadda muke lalata rubutun kakanni da sunan adanawa

Idan gidanku na wajen Bichi, Dambatta ko Kunci, mai yiwuwa akwai Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka, wanda wani alaramma ya rubuta da ka, ya ƙawata shi da zayyana ja da rawaya. Yi alwala ka ɗauko warƙa ɗaya, ka ɗaga ta saitin haske. In ka hango inuwar jinjirin wata guda uku, to tambarin masu yin takardar ne. Daga arewacin Italiya ta fito, fatake suka ratso Sahara da ita ta Tarabulus a ƙarni na 19.

Yawancin irin wannan takarda da tsummokara aka yi ta, zarenta dogo ne mai ƙwari. Shi ya sa take haura shekara 100, alhali jaridar bara har ta yi ja, domin ita daga itace aka yi ta, kuma sinadarin lignin da ke ciki ba ya jure haske da iska.

To me ke cin ta? Na farko danshi. Wasu marubutan kan haɗa tawada da bagaruwa da ƙarfe. Wannan haɗi yana da asid, in ya samu danshin watan Agusta sai ya riƙa cin takarda har harafi ya zama huda. Ga fumfuna, ga gara.

Amma mu ma muna da namu laifin. Leda tana tsare danshi a ciki. Gam ɗin salatif yana ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita. Liƙe warƙa cikin roba da injin zafi kuwa, wannan ba gyara bayansa.

Abin yi ba ya buƙatar kuɗi. Naɗe shi da farin ƙyallen auduga mai tsabta. Ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bango. Bayan damina ka buɗe ya sha iska a inuwa, ban da rana, don tana kashe launi. Da hunturu takarda kan bushe, kada ka lanƙwasa ta. Tunda warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, ɗauki hoton kowacce da waya bi da bi. In wata ta yage, bar ta haka, ka nemi shawarar masu kula da tsofaffin rubuce-rubuce, kamar na Arewa House a Kaduna.

Bugun inji ana sayo wani a Kurmi. Hannun kakanka kuwa guda ɗaya ne.