Ɗanmaraya Jos da Kuntiginsa

A ƙasar Hausa, idan aka ambaci mawaƙin gargajiya, abin da yakan zo wa mutane a rai shi ne jagora a tsaye, makaɗa da 'yan amshi a bayansa. 'Yan amshi su ne waɗanda ke maimaita gindin waƙa duk lokacin da jagora ya dire. Haka Mamman Shata ya ci zamaninsa da kalangu, haka kuma Narambaɗa da Musa Ɗankwairo suka yi wa sarakuna kiɗan kotso. Mawaƙin da za ku karanta labarinsa a wannan darasi ya bi wata hanya dabam. Shi ke tsara waƙarsa, shi ke rera ta, shi ke yi wa kansa kiɗa, ba ɗan amshi ko ɗaya.

Sunansa Adamu Wayya. An haife shi a shekarar 1946 a Bukuru, kusa da Jos, cikin Jihar Filato ta yanzu. Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru, amma ya rasu jim kaɗan bayan haihuwar yaron. Ba a daɗe ba mahaifiyarsa ita ma ta riga mu gidan gaskiya, sai sarkin ya ɗauki riƙonsa. A nan laƙabinsa ya samo asali. Ku lura da kalmar "ɗan" a wannan suna: tana nuna ƙanƙanta ne, kamar yadda ake cewa ɗan yaro ko ɗan littafi. Ma'anar Ɗanmaraya ita ce ƙaramin maraya.

Tun yana yaro ya yi tafiya zuwa Maiduguri, kiɗan da ya gani a can ya burge shi, ya haɗa wa kansa kuntigi. Kuntigi ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya. Akan sami gwangwanin kifi, a rufe bakinsa da fata, a soka 'yar sanda, a ɗaura tsirkiyar. Kusan duk kayan haɗinsa ana iya tsintarsu a bayan gida. Da wannan ɗan abu ya yi sana'a har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya fi bambanta shi da sauran shi ne mutanen da ya zaɓa ya yi wa waƙa. A al'ada, waƙar yabo ta sarki ce da attajiri da jarumi, domin su ke da doki da riga da kuɗin da za su ba maroƙi. Ɗanmaraya ma ya yi wa manya waƙa, ba a musun wannan. Amma waƙar da ta fara fito da shi, wadda har yau ake tunawa da shi da ita, ita ce "Waƙar Karen Mota".

Wane ne karen mota? Idan kun taɓa shiga motar haya daga Kubwa zuwa Wuse, ko kuka tsaya a tashar Zuba, kun gan shi, ko da yake yanzu an fi ce masa yaron mota ko kwandasta. Shi ke kiran fasinja, shi ke loda kaya, shi ke karɓar kuɗi. A manyan motocin dā, shi ke dira da gudu ya sa weji a bayan taya idan mota ta tsaya a kan tudu. Rigarsa duk baƙin mai, kowa na yi masa tsawa. Sunan kansa ma na raini ne, tun da an haɗa shi da kare. Wannan mutum ne Ɗanmaraya ya ɗauka ya yi wa irin yabon da aka saba yi wa masu mulki. Ba ƙaramin abu ba ne mawaƙin da ya tashi a fada ya yi haka, kuma direbobi da yaransu sun karɓi waƙar hannu bibbiyu.

A lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa gwiwa. Ban da wannan, ya fi mai da hankali kan zaman gida da halin mutane. "Jawabin Aure" ta zayyana abubuwan da ke kawo saki, tana jan hankalin miji da mata su sasanta. "Auren Dole" ta soki iyayen da ke aurar da 'ya ga wanda ba ta so, a zamanin da mutane da yawa ba su ɗauki hakan laifi ba. "Gulma Wuya" kuwa ta kama mai kai-kawo da maganar ƙarya tsakanin mutane har aure ya mutu. Akwai kuma "Mai Akwai da Babu", a kan mawadaci da matalauci, da "Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali".

Irin wannan mawaƙi ba a ƙasar Hausa kaɗai ake samunsa ba. A Italiya an yi Fabrizio De André, mutumin birnin Genoa, wanda ya rasu a 1999. Shi ma da kansa yake tsara waƙoƙinsa, yana rera su da jita, kuma ya shahara da waƙe waɗanda jama'a ta mayar saniyar ware.

Ɗanmaraya ya sami lambar girma ta ƙasa, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa za ku ji ana ce masa Dokta. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.

Gare ku masu koyon Hausa, waƙoƙinsa sun fi na makaɗan fada sauƙin bi. Narambaɗa da Ɗankwairo da karin harshen Sakkwato da Zamfara suke waƙa, ga kirari da tsofaffin kalmomi, ga ganguna da amshi suna rufe murya. Shi kuwa Ɗanmaraya da Hausar yau da kullum yake magana, kuma sautin tsirkiya ɗaya ba ya danne kalma. Ku nemi "Waƙar Karen Mota" a rediyo ko a intanet, ku saurare ta sau biyu, sannan ku rubuta kalmomin da suka shafi mota da tasha waɗanda kuka ji a ciki, ku kawo aji.